Robali Tara

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe goma na safe

Kashi na sha ɗaya na gwajinmu ma ya ƙi. Auta ta ɗauko farantan daga akwatin ɗumi, ta riƙa ɗaga su saitin taga ɗaya bayan ɗaya, duk sun fito da ɗigo-ɗigon ƙwayoyin cuta. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce, "Hamsin da takwas cikin ɗari ya kama, Yaya. Daga casa'in da tara fa." Na ce mata wataƙila firiza ce. Firiza dai ba ta da bakin da za ta kare kanta.

Saura kwana ashirin da huɗu Auta ta kare kundinta na digirin dakta. Shekara huɗu tana kansa. Mai jarrabawar da za a kawo daga waje ya rubuto cewa abu ɗaya yake so: a maimaita sakamakon kashi na bakwai, ko da sau ɗaya ne.

Littafin nan na zanen yara ne, shafi uku kawai suka ɓata. Na ɗakin gwaji kowa yana iya buɗewa ya karanta, shi ya sa na ɗauki wannan.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun biya wajen Mama. Ta dubi idanun Auta ta ce, "Wai ke me kike yi ne a wurin nan da ya mayar da ke kamar mai jinya?" Sau ashirin an yi mata bayani, amma tana jin daɗin a sake, sai Auta ta sake.

Ta ce, "Mama, wani jel muke haɗawa mu sa a firiza. Ƙanƙara ta fito a cikinsa, idan ta narke sai ta bar ramuka, ya koma kamar soso. Sai mu jiƙa shi a wani magani da ke manne wa bangon ramukan. Idan aka zuba ruwa mai ƙwayoyin cuta, ruwan ya wuce, su kuma su maƙale. Daga baya mu zuba ruwan gishiri su sako, da ransu, likita ya gane ko waɗanne ne, ya san maganin da zai bayar."

Mama ta ce, "To ita wannan me take yi?" tana nuna ni da haɓa.

"Yaya ce mai wanki. Maganin da ya rage bai manne ba guba ne, sai an wanke shi kwana uku, a sauya ruwa sau tara. Ba don Yaya ba da babu aikin."

Mama ta ce, "Shekara goma sha bakwai a jami'a, ashe wankin soso kike yi. Da kin zauna a gida ai da na ba ki nawa." Suka yi ta dariya. Ni ma na yi.

Ta nuna mana yadin rigar da za ta kai ɗinki saboda ranar kare kundin. Shuɗi ne.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An kira mai gyaran firiza. Ya auna, ya ce lafiyarta lau, ta fi shi lafiya ma.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Farfesa, wanda ke duba aikin Auta, ya shigo da baƙi biyu. Kamar kullum, sai da ya tsayar da su a gaban teburina ya nuna musu kwalabe. Ni na ƙirƙiro abin tun shekarata ta farko: duk lokacin da na sauya ruwa, sai in sa robali ɗaya a wuyan kwalbar. Ba sai an buɗe littafi ba, daga bakin ƙofa ana ganin inda wanki ya kai. Ya ce musu, "Idan kun ga robali tara na matar nan, ku jefa jel ɗin a shayinku ku sha, ni zan tsaya muku."

Baƙin suka yi murmushi. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa hannuna, na ɗauki tsumma na kama goge teburin da ba shi da datti.

Gobe zan yi wa Auta magana.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ban yi ba. Ta zo da lemo wa yara, ta zauna tana yi wa ƙaramar kitso. Ba lokacinsa ba ne.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau ruwa ake zargi. An sauya matatar injin ruwa, an tafasa kwalabe duka. Ni na tafasa su da hannuna, ina sane da cewa aikin banza nake yi.

Na tuna ranar da sakamakon kashi na bakwai ya fito, wata takwas ke nan. Farantin fes, ko ɗigo babu. Auta ta yi ƙara, ta rungume ni har gilashina ya faɗi. Gabana ya faɗi tare da shi, domin na san abin da na sani. Da aka zuba ruwan gishiri kuma ƙwayoyin suka ƙi sakowa su tsira, sai ta ce riƙon ne ya yi ƙarfi, za ta gyara wannan daga baya. Na ce, "Haka ne." Kalma biyu. Da a ranar na faɗi wasu kalmomin, da mako guda ta rasa, ta yi fushin kwana biyu, shi ke nan.

Na gaya wa kaina wataƙila ba shi ba ne. Mutum idan yana so ya yarda da abu, ba ya rasa hujja.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Auta ta rame. Agogonta yana yawo a hannunta.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Abin ya faɗa kan Mai Sito. Auta ta lura kwalbar maganin da ake amfani da ita yanzu ba ita ce ta lokacin kashi na bakwai ba. Farfesa ya sauka sito da kansa, ya tarar kwalin yana kusa da taga, rana tana taɓa shi. Ya ɗaga murya har muna jiyowa daga sama. An ba dattijon takardar tuhuma, ya amsa cikin mako guda.

Mutumin nan saura wata biyar ya yi ritaya. Shi ne yake ɓoye mini safar hannu ƙanana saboda ya san manya suna zame mini. Da na sauka karɓar auduga na same shi yana jan kwalaye shi kaɗai yana mayar da su lungu. Ya ce, "Malama, shekara talatin kwalin nan yana nan wurin, yau rana ta gan shi." Na ce, "Allah ya kyauta, Baba." Ya ce amin, har da yi mini godiya.

Na ɗauki audugar na hau bene.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban taɓa rubuta komai a kan makon wankin kashi na bakwai ba, yanzu ma ba zan rubuta da yawa ba. Makon da akwatunan mijina biyu suka bar gidan nan ne, makon da na fara dafa abincin mutum uku maimakon huɗu. Ranar Litinin na je aiki na sauya ruwa sau ɗaya. Talata da Laraba ina zaune a ƙasan kicin. Auta tana wajen taro a wani gari, ta kira, na ce komai lafiya, ina wurin aiki ma. Ban so ƙanwata ta ji muryata ta gane ba. Ni na goya ta, ni na kai ta makaranta ranar farko, ni na nemo mata gurbi a ɗakin gwajin nan. Ban saba ta gan ni a ƙasa ba.

Ranar Alhamis na riga kowa zuwa. Kwalbar tana nan da robali ɗaya.

Sauran ba sai na rubuta ba.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mama ta karɓo rigar daga wajen tela, ta sa ta tana juyi a falo. Ta ce, "Uwar dakta ce nan, ku matsa." Hannun ya ɗan yi tsawo. Na ce zan naɗe mata.

Gobe.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ba zan iya tayar wa Auta da hankali a kan zato ba, haka na ce wa kaina. Sai in fara tabbatarwa. Na yanki guntun jel daga sabon kashi, na jiƙa shi a magani, na wanke sau ɗaya tak, na ɓoye kwalbar a ɗakin sanyi bayan galan-galan. Sai da na rufe ƙofa na tuna ashe na sa mata robali ɗaya. Hannu ya saba.

Auta ta kwana biyu ba ta taɓa abincinta ba. Ta ce mini, "Yaya, ko dai ni ce ban iya ba? Wataƙila sa'a kawai na yi waccan ranar." Na ce ta daina wannan maganar. Ta ce asibitin da suka yi mata alkawarin aiki a sashen bincikensu sun kira, suna jiran takardar digiri kafin ƙarshen wata mai zuwa.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na zuba ruwan ƙwayoyin ta cikin guntun, na shafa abin da ya fito a faranti, na tura shi can ƙarshen akwatin ɗumi ba tare da na rubuta komai a kansa ba. Ina roƙon Allah ya fito da ɗigo cike. Ban taɓa roƙon datti ba sai yau.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ina zaune a mota a wurin ajiye motoci. Ba zan iya tuƙi ba tukuna.

Ƙaramar ta ɓatar da takalminta da safe, na makara. Ina shiga na tarar da Auta a tsakiyar ɗaki da farantina a hannu. Fes yake. Fuskarta irin ta waccan ranar ce sak. Ta ce, "Yaya! Naki ne wannan? Me kika sauya? Ya dawo, wallahi ya dawo!" Tana dariya tana hawaye. Ta ce in kawo kwalbar ta gani kafin ta kira Farfesa.

Na ce, "Bari in ɗauko."

Na shiga ɗakin sanyi na jawo ƙofa. Kullum akwai robali a aljihun rigar aikina. Na zaro, na ƙirga takwas. Zan faɗi gaskiya a nan tunda babu mai karantawa: na sa biyu. Na ga yadda abin zai tafi sarai. Mai jarrabawa ya gamsu, Mama ta sa shuɗiyar rigarta, asibiti su karɓi Auta. Sannan wata rana wani ya zuba jinin yaro mai zazzaɓi ta cikin jel ɗin ƙanwata, ya jira ƙwayoyin su tsira ya san maganin da zai bayar, ba abin da zai tsira, da sunanta a jikin takardar. Dattijon sito kuma ya tafi gida da tabo.

Ban san ko wannan tunanin ne ya hana ni ba, ko kuwa kawai na gaji. Na cire biyun.

Na ajiye kwalbar a gabanta. Ta dube ta. Auta ba ta da jinkirin fahimta, tun tana ƙarama. Ta ce, "Ina sauran takwas?" Na ce, "Sau ɗaya na wanke." Ta ce, "To ai guba ce ta kashe su, ba kama su aka yi ba." Tana faɗa tana murmushi, kamar tana gyara wa ɗalibi kuskure. Sai murmushin ya tsaya.

Ta ce, "Na bakwai fa?"

Na ce, "Shi ma."

"Amma na ga tara a wuyansa. Da idona na gani."

"Ni na sa su. Lokaci ɗaya."

Ta zauna. Ta tambaye ni yaushe na sani. Nan ne na so ƙasa ta tsage. Na ce tun ranar. Ta ce, "Ranar da na rungume ki?" Na ce e.

Na fara ba ta labarin wancan makon, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Na san da wancan makon, Yaya. Kowa ya sani. Mama ce ta ce mu yi shiru har ki faɗa da kanki. Wata takwas muna jira." Sannan ta ce, "Da kin ce, Auta, ba zan iya zuwa ba, hannuna zai gutsure ne in na dawo na sake wankin?"

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki farantin ta rubuta kwanan wata a kansa, da abin da aka yi masa, ta mayar akwati. Ko a wannan halin sai da ta rubuta.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ba ta zo ba. Wayarta tana shiga, ba ta ɗauka.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Ashe ta zo, ofishin Farfesa ta wuce kai tsaye. Da na shiga wajensa bayan ta fita, ya ce ta gaya masa an sami matsala a wanki, kuma laifinta ne da ba ta gwada ruwan ƙarshe ba. Ba ta ambaci sunana ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba haka ba ne," na faɗa masa yadda yake. Ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Ke?" Shi ke nan abin da ya ce, sau biyu.

Za a ba ni takardar gargaɗi. An janye ta Mai Sito. Na sauka na gaya wa dattijon da bakina, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ba komai, Malama," ya ci gaba da jera kwalaye. Bai tambaye ni ko ina buƙatar safar hannu ba.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An ɗage kare kundi sai baɗi. Babi biyu za a sake daga tushe. Auta ta rubuta wa mujallar da ta buga sakamakon cewa ta janye shi. Ta rubuta wa asibiti ma. Na ga wasiƙar a kan firinta, layi huɗu ce.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe goma na safe

Da yau ce ranar kare kundin.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na je wajen Mama da allura da zare, don na yi alkawarin hannun riga. Ta ce in bar shi, baɗi ma shekara ce, wataƙila kafin nan hannunta ya ƙara tsawo. Ta rataye rigar a bayan ƙofa cikin ledar tela. Auta ta gaya mata gwaji ne ya ƙi, ba ta ƙara komai ba. Mama ta dube ni ta ce, "Ke kuma ki riƙa kula da ƙanwarki, kin san ba ta da kowa a wurin nan sai ke."

Na ce to.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Yara suna tambayar ina Anti. Ƙaramar ta ƙi yarda in tsefe mata kitson da Auta ta yi mata, duk ya tsufa.

Asibitin sun ɗauki wani.

Talata, 31 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun fara kashi na sha biyu jiya. Auta tana gaishe ni, tana kirana Yaya kamar da, tana cewa in miƙo mata wannan, in riƙe mata wancan. Na yi zaton za ta karɓe wankin daga hannuna, ba ta karɓe ba. Da ta zage ni sau ɗaya da na fi samun sauƙi. Ina kewar ƙanwata alhali tana tsaye taku uku daga inda nake.

Ruwa na shida na sauya ɗazu.

Alhamis, 2 ga sabon wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Jiya da yamma na sauya ruwa na tara, na kai mata kwalbar. Ta ce na gode. Ta ɗauki bututu ta zuƙi kaɗan daga ruwan ƙarshe, ta ɗiga a farantin da ta shafa wa ƙwayoyi, don ta ga ko zai kashe su. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ba wani abu ba ne, Yaya. Kowane kashi za a riƙa yi wa haka daga yanzu." Na ce ya yi daidai. Kuma ya yi daidai ɗin, tun farko ya kamata a riƙa yi.

Yau da safe farantin ya fito cike, wato ruwan ba guba. Jel ɗin ya kama sittin da ɗaya cikin ɗari, da aka zuba ruwan gishiri kuma suka sako da ransu, suka tsira. Ta daɗe tana kallonsu a saitin taga. Ta ce, "Sittin da ɗaya. To, daga nan za mu fara." Ta rubuta a littafi da hannunta.

Kwalbar tana kan tebur a tsakaninmu tun jiya. Robali tara ne a wuyanta, kowanne na sa shi a lokacinsa. Ko sau ɗaya ba ta kalle su ba.